Kwaleji Ko Jami'a?

Tambaya: Na gama sakandare, makina na JAMB bai kai na Jami'ar Bayero ba. Baba ya ce in shiga kwaleji, ni kuwa ina so in jira baɗi.

Amsa: Ɗana, kada ka zauna gida shekara guda kana jiran tsammani. Zaman nan yana cinye karatun da ke kai, kuma babu tabbacin makin baɗi zai fi na bana.

Kwaleji ba ta rufe ƙofar jami'a. Shekara 3 ake yi a sami takardar shaidar malanta ta NCE, difloma ta ND kuma shekara 2. Idan sakamakonka ya yi kyau, sai ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, ka fara daga aji biyu. Da NCE a hannu kana iya koyarwa a firamare, ka riƙa sayen littattafanka da kanka, Baba ya huta. Shi ya san nauyin aljihunsa, ka saurare shi.

Amma idan likitanci ne burinka, wannan hanya ta yi zagaye. Ka nemi shirin share fagen shiga jami'a na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ka dage da kimiyya.