Giya da Yashin Saga

Tambaya: Malam, sabon direba ne ni a Saga. Motata takan mutu a yashi da taɓon gefen gonakin shinkafa. Wace giya zan sa?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙafarka ta hagu ce mai laifi. Giya ta ɗaya ta tashi ce, ka saki kuloci sannu-sannu kana ɗan taka totur. Kafin ka faɗa yashi sa ta biyu, ka riƙe totur daidai. Kada ka canza giya a tsakiya, domin da ka taka kuloci tayoyi sun rasa ƙarfi, sai mota ta nutse.

A kwaltar Kollo kuwa saurari injin: in ya yi kururuwa hau ta gaba, in ya fara karkarwa sauko. Kuma ɗauke ƙafa daga kan kuloci bayan ka canza, jingina ta a kai yana cinye farantin kuloci.