Idan Injin Babbar Mota Ya Buga a Gubuchi

Direbobi da masu motocin ɗaukar rake da tumatir, ku kula da wannan. Da zarar inji ya buga a hanyar Gubuchi, akan ruga wajen mai walda mafi kusa. Walda tana da ranarta, amma ba ta gyara kiranshaf da ya cinye. Wannan aikin mai injin sassaƙar ƙarfe ne, wanda ke aunawa kafin ya taɓa.

Kada ku ja motar gaba ɗaya. Bakanikenku ya kwance abin da ya lalace, a naɗe shi a buhu, a sa a motar haya zuwa Sabon Garin Zariya. In abin ya gagara, sai Ƙofar Ruwa a Kano.

Ku tambayi direbobin Makarfi da Ikara wanda ya yi musu aiki ya daɗe. A shagonsa, ku sa a auna a gabanku, a faɗi lambar da za a rage, don ku sayi metal daidai da ita. Ku tambaya ko akwai janareta, domin rashin wuta kan kwantar da aikin yini ɗaya har mako, tumatir kuwa ba ya jira. Kafin alƙalami kawai za ku bayar, sauran sai an gama.