Yadda ake shigar da maƙala a mujallar kimiyyar yanayi

Kafin ka ɗora alƙalami, ka san irin kayan da ke hannunka. Bincike cikakke, mai alƙaluma da bayanin hanyar da aka bi da sakamako, shi ne maƙalar bincike, kuma ita ta fi yawa a galibin mujallu. In abu guda ka gano wanda bai kamata ya kwana ba, akwai gajeriyar wasiƙa. Maƙalar waiwaye, mai tattara abin da aka sani a kan batu ɗaya, galibi ta dattawan fagen ce, wani lokaci ma edita ne ke zuwa ya roƙe su. Sai martani: ka hango kuskure a aikin da aka riga aka buga, ka rubuto, a ba mai aikin dama ya kare kansa, a buga naka da nasa tare.

Turawa ta intanet ba wuya. Edita zai leƙa, in ba ta dace da mujallarsa ba ya maido maka tun da wuri. In ya ga alamar alheri sai ya miƙa wa masana biyu ko uku. A mujallu irin su Monthly Weather Review, wadda take fitowa a Amurka tun 1872, masu bitar sun san sunanka amma kai ba ka san nasu ba. Ita kuwa Atmospheric Chemistry and Physics ta Turai, tun kafuwarta a 2001, a fili take baje komai, maƙala da suka da amsa, kowa ya karanta. Masu bitar nan ba a biyan su ko kwabo. Na ga malamin jami'a ya gama gyaran takardun jarrabawa da daddare, ya jawo maƙalar wanda bai taɓa gani ba, yana bin lissafinta layi-layi, don kawai shi ma an taɓa yi masa. Abin yana burge ni har yau.

Wajen amsa musu ne ake gane gwani. A ce ka rubuta a kan sauyin lokacin faɗuwar damina a Kano ko Maraɗi. Tambayar farko ita ce: me kake nufi da faɗuwar damina? Yayyafin farko ba damina ba ne, duk manomin da ya taɓa asarar iri ya sani. Da yawa suna bin ma'aunin da Sivakumar na cibiyar ICRISAT a Nijar ya fitar a 1988: daga 1 ga Mayu, a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada ruwa ya ɗauke fiye da kwana bakwai a cikin kwana 30 masu biyowa. In wani ma'auni ka ɗauka, faɗi dalili.

Tambaya ta biyu ta fi kayar da mutane: ina ranakun da ba a auna ba? A littafin tasha, ranar da ba a yi ruwa ba sifili ake rubutawa, ranar da ma'aikaci bai auna ba kuma gurbi ake bari. Kwamfuta ta karanta gurbin nan a matsayin sifili, shi ke nan, ka ƙirƙiro farin da ba a taɓa yi ba. Mai bita mai ido zai kuma tambaya ko an taɓa sauya wa ma'aunin ruwan wuri, ko ka gwada alƙalumanka da na tashar maƙwabta ko na tauraron ɗan'adam.

Kada ka amsa ranar da sharhin ya iso, zuciya na tafasa. Bari ta huce. Sannan ka kwafo kowace suka, ka sa mata lamba, ka rubuta amsa a ƙarƙashinta tare da shafi da layin da ka gyara. Inda ba ka yarda ba, kada ka yi shiru, kada kuma ka yi faɗa. Sake lissafin yadda mai bitar ya nema, ka nuna masa a zane cewa sakamakon bai motsa ba. Ana iya yin zagaye biyu ko uku.

Wuce bita ba ya rufe magana. A 1975 Jule Charney ya buga a mujallar ƙungiyar masana yanayi ta Ingila cewa ƙarewar ciyayi na iya rage ruwan Sahel. Amma a 1986 Folland da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Nature cewa ɗumin tekuna na da babban hannu a farin Sahel.

In an karɓa, za a aiko maka da shafukan da aka tsara ka duba cikin 'yan kwanaki. Bi zane-zanen da kyau, a nan milimita ke rikiɗewa ta koma santimita.