DARASI: BUƊIN DAJI DA HALBIN BAREWA



An yanke hatsi, dammuna sun shiga rumbu, sanyi ya fara sauka. Wanga lokaci ne samari ke duba karnukansu, mahalba kuma suna gyaran baka da kwari. Darasinmu na yau a kan halbin barewa da gada yake. Za mu ga yadda kakanninmu suka tsara shi, da shirin da ake yi, da dabarun daji, da abin da doka ta ce. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

MU SAN DABBOBIN

Barewar ƙasarmu ja ce, cikinta fari, da baƙin zane a gefen ciki. Babba takan kai kilo 25 zuwa 30. Namiji da mace duka suna da ƙaho. Na namiji mai kauri ne, da zobe-zobe. Na mace siriri ne. Can arewa, wajen ƙasar makiyaya, akwai wata barewa ƙarama mai launin rairayi, wadda take daɗewa ba ta sha ruwa ba.

Gada ba ta kai barewa tsawo ba. Ita ba ta son fili. Cikin sabara da geza da kalgo take ɓuya, kuma ita kaɗai take yawo. Namijin gada ke da ƙaho, gajere, miƙaƙƙe.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: barewa tana ɗaukar ciki wata 6, ta haifi ɗa guda. Gada ma guda take haifuwa. Ba su yi kama da zomo ko zabuwa ba, masu ɗiya da yawa. In aka kashe su da yawa, ba su saurin mayarwa.

YADDA KAKANNI SUKA TSARA

A da, halbi sana'a ce ta gado, kamar ƙira da jima. Ɗan mahalbi ke zama mahalbi. Yana yaro yake bin ubansa, yana ɗaukar gorar ruwa, yana koyon sawu. Mahalba suna da shugabansu. Wasu garuruwa suna ce masa sarkin dawa, wasu sarkin baka. Ba a shiga daji da gayya sai da saninsa.

Halbi daban, farauta daban. Mahalbi shi kaɗai yake fita, ko su biyu, da baka da kibiya, ba hayaniya. Farauta kuwa ta taron gari ce. Ana buga ganga, a busa ƙaho, samari su fito da karnuka da sanduna da kere, su jeru, su kora daji.

Amma ba kullum ake farauta ba. Daji yana da lokacin rufewa da lokacin buɗewa. Da damina a rufe yake. Kowa yana gona, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi suna kiwon ɗiyansu cikin kwanciyar hankali. Sai an gama kaka, rani ya shiga, sannan manya su sa rana. Wannan rana ita ce buɗin daji. Masu al'adar gargajiya suna yin yanke-yankensu, a yi farautar farko, tsofaffi su dubi abin da aka kama su faɗi yadda suke ganin shekara za ta kasance. Har yanzu ana wannan biki a Masallata, kusa da Birnin Ƙonni. A garuruwa da yawa musulunci ya kawar da yanke-yanken. Amma hikimar da ke ciki tana nan, kuma ba ta saɓa wa addinin kowa ba: a bar daji ya huta, a shige shi da izini.

SHIRI KAFIN RANA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shirin da mahalbi na kirki yake yi.

1. Takarda. Kafin kome, a je wurin ma'aikatan gandun daji a Tasawa ko a Mayahi. A tambayi ranar buɗewa da ranar rufewa na bana, da dabbobin da aka yarda a halba. A yanki takardar izini. Mai bindiga kuma sai da takardar bindigarsa.

2. Sanarwa. A gaya wa mai gari. A tabbata kowa ya kwashe wakensa da gujiyarsa. A sanar da Fulani da Buzaye da suka sauko da dabbobinsu cikin karan gonaki, don kada kare ya faɗa wa ɗan akuya, rigima ta tashi.

3. Kayan aiki. A duba tsarkiyar baka, in ta tsufa a sake. A wasa kibau da wuƙa. A goge bindiga. Kada a cika mata albarushi fiye da kima, don takan fashe a hannun mai ita. Kada a ajiye ta a ɗure cikin gida inda yara suke.

4. Karnuka. A ciyar da su tun da wuri. A kai su wurin likitan dabbobi a yi musu allurar haukan kare. Wanda mahaukacin kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, a kai shi gidan likita ran nan.

5. Jiki. A ɗauki ruwa isasshe. A sa takalmi mai rufe ƙafa, saboda ƙaya da kububuwa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa gidan likita da hanzari.

6. Leƙen daji. Kwanaki kafin buɗewa, mahalbi yakan zaga ba da makami ba. Yana duba inda dabba ke kiwo, da inda take kwana, da hanyar da take bi. Ƙarƙashin gawo da aduwa da magarya ake fara dubawa, don barewa tana son ɗiyan da suke zubarwa.

DABARUN DAJI

Sawu. Kofaton barewa rabe yake biyu kamar na akuya, amma ya fi shi tsini da ƙanƙanta. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, iska ba ta share shi ba, ƙwaro bai bi ta kansa ba. Sabon kashi yana da laushi da ƙyalli. Wanda ya bushe ya yi fari, na kwanaki ne.

Iska. Hancin barewa ya fi na mutum nesa ba kusa ba. In iska ta ɗauki warinka ta kai mata, ka yi asarar yini. Da sanyi, iska daga gabas maso arewa take busowa. Saboda haka mahalbi yakan zagayo ta yamma, ya sa iska a fuskarsa. In yana shakka, sai ya ɗebi ƙasa mai laushi ko toka ya saki, ya ga inda ta nufa.

Lokaci. Da sassafe da maraice barewa take kiwo. Da rana tsaka tana kwance a inuwa, idonta a buɗe.

Sanɗa. In ta sunkuya tana ci, ka matsa. In ta ɗaga kai, ka tsaya cik kamar kututture. Kada ka taka busasshen kara. Mai gaggawa ba ya cin naman barewa.

Burtu. Wannan ita ce babbar dabarar mahalban Hausa. Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai yawo a ƙasa, kuma namun daji ba su tsoronsa. Mahalbi yakan haɗa kan burtu da guntun icce lanƙwasasshe, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane. Sai ya duƙa, yana tafiya yana sara ƙasa da bakin, kamar tsuntsu mai kiwo. Da haka yake kusantar dabba har kibiya ta iya kai mata.

Kwanto. Ita gada ba a bin ta a fili. Ana samun hanyarta a bakin kurmi, a laɓe tun da asuba, a jira.

Halbi. Kada ka halbi abin da ba ka gani sarai ba. Motsin ganye yana iya zama yaro mai kiwo ko mace mai neman itace. Ka duba ƙaho, ka tabbata namiji ne babba. In ka ji wa dabba rauni, ka bi jininta har ka same ta.

Rabo. A wurin farautar taro, a yanke maganar rabo tun a gida, gaban manya. Faɗa a kan zomo guda ya sha raba garuruwa biyu.

INA BAREWA TA TAFI?

Ku tambayi tsofaffin Kona. Za su gaya muku dajin da ke tsakanin gari da gari, da namun da ke cikin Gulbin Kaba, kwarin nan mai goruba da ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Yau yaro yakan girma har ya yi aure bai ga barewa a daji ba. Dalilai huɗu ne.

Na ɗaya, mun yi yawa. A ƙidayar 1977, mutanen jahar Maraɗi ba su cika miliyan 1 ba. A ƙidayar 2012 sun kai miliyan 3 da dubu 400. Gona ta haɗe da gona, saura ta ƙare.

Na biyu, fari. Na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyawa, sun kashe dabbobin gida da na daji.

Na uku, sabbin makamai. Mai baka yakan yini a kan barewa guda. Mai mota da fitila da bindiga yakan share garke cikin dare guda.

Na huɗu, an daina jiran buɗin daji. Kowa ya ga dabba sai ya bi ta, ko da damina, ko tana da ciki.

MU YI LISSAFI

A ce akwai barewa 10 a wani daji: maza 5, mata 5.

In aka halbi maza 3, saura maza 2 da mata 5. Matan su haifi ɗiya 5. Baɗi akwai 2 + 5 + 5 = 12.

In aka halbi mata 3, saura maza 5 da mata 2. Matan su haifi ɗiya 2. Baɗi akwai 5 + 2 + 2 = 9.

Nama ɗaya aka ci, amma can garke ya ƙaru, nan ya ragu. Manomi ba ya cin irinsa. Makiyayi ba ya yanka saniya mai ciki. Barewa mace ita ce irin mahalbi.

Haka kuma, in kun ga ɗan barewa ko ɗan gada kwance shi kaɗai cikin ciyawa, ku bar shi. Ba maraya ba ne. Uwarsa ce ta ɓoye shi, za ta dawo ta ba shi nono.

ABIN DA DOKA TA CE

A cikin shekarun 1970 gwamnati ta rufe farauta a Nijar baki ɗaya, ta daɗe a rufe fiye da shekara 20. Daga baya aka yi doka mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, a kan farauta da kare namun daji. Dokar ta san da farautar gargajiya, ta ba ta irin takardarta. Ga abubuwan da ta hana:

- farauta a lokacin da aka rufe;
- farautar dare, da fitila ko ba fitila;
- bin dabba da mota ko babur;
- korar daji da wuta, ko da raga, ko da rami;
- kamun dabba da ƙwaya ko da abinci mai guba;
- aiki da bindigar yaƙi.

Akwai dabbobin da ba a taɓa su ko kaɗan, kamar raƙumin dawa da giwa. Wanda ya karya doka, akwai tara, akwai kaso.

Maganar wuta, a ƙara kula. Wanda ya cinna wa daji wuta don ɓera ko zomo, ya ƙone abincin shanun gari duka.

DAJI YANA IYA DAWOWA

Kada mu yanke ƙauna. Arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta 76.000. An hana halbi a cikinsa, kuma har yanzu barewa tana can. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka sake su a Gadabeji, bayan shekaru masu yawa babu su a wurin.

Mu ma muna da namu aiki. Tun shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka kama sassaben zamani: a bar tohon itace cikin gona, a gyara shi, ya girma. Gawo da kalgo da sabara sun dawo cikin gonaki da yawa. Inda itace ya dawo, zomo da zabuwar daji da fakara suna samun maɓoya. In gari ya haɗa kai ya keɓe wani kurmi, ya ce shekara kaza ba mai halbi a nan, gada ma tana iya samun wurin zama.

Mahalba su ne suka fi kowa sanin daji. Su ya kamata su zama masu tsaronsa, hannu da hannu da ma'aikatan gandun daji. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakanninmu sun san ranar rufewa, sun san ranar buɗewa. Mu ma mu san su.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Wata nawa barewa take ɗaukar ciki? Ɗiya nawa take haifuwa?
2. Yaya ake gane namijin barewa daga mace?
3. Don me mahalbi yake sa iska a fuskarsa?
4. A ce barewa 12 ne, maza 6, mata 6. An halbi mata 4. Nawa za a samu baɗi? In maza 4 aka halba fa?
5. Ku tambayi wani tsoho sunayen namun dajin da ya gani yana yaro. Ku rubuta su. Ku ja layi ƙarƙashin waɗanda ake gani har yanzu.
6. Wane kurmi ne garinku zai iya keɓewa? Wa zai tsare shi?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Allah ya ba mu rani lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Amin.