Darasi na Bakwai: Sunayen Gidaje Masu Haɗa Bango a Matsayin Misalin Karin Harshe

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an bayyana cewa karin harshe yana fitowa ta fuskar furuci da ginin jimla da kuma kalmomi. A wannan darasi za a tsaya a kan kalmomi, ta hanyar ɗaukar abu guda: gidan da ya haɗa bango da na maƙwabci. Za a fara da Ingilishi, inda sunayen irin wannan gida suka yawaita, sannan a waiwayi Hausa. Manufa ita ce ɗalibi ya gane cewa suna yana bin tarihin mazauna wuri da yadda suke kallon abin da suka raɗa wa sunan.

2.0 Abu Ɗaya, Sunaye Da Yawa

A Ingila, idan gidaje biyu suka haɗa bango ɗaya a tsakiya, kowanne da ƙofarsa, ana kiran kowannensu *semi-detached*, wato wanda ya rabu rabi-rabi, ko a taƙaice *semi*. Irin wannan gini ya yaɗu ƙwarai a unguwannin bayan gari tsakanin shekarar 1918 da 1939. Idan kuwa gidajen sun jeru da yawa, bango na jikin bango, sunansu *terraced houses*. Akwai kuma *back-to-back*, wato gidajen da suka haɗa har da bangon baya, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masana'antu a birane irin su Lidis da Bamingam. Dokar gidaje ta 1909 ta hana gina sababbi saboda rashin iska, amma an ci gaba da gina su a Lidis har zuwa 1937.

A Amurka kuwa, sunan da ya fi yawo shi ne *duplex*, wato gini ɗaya mai mazauni biyu. Sai dai mutumin Filadalfiya zai ce *twin*, ma'ana tagwaye, ya kuma kira jerin gidaje *rowhouses*, kamar yadda ake kiran su a Baltimo. Masu magana da Faransanci a yankin Kubek na Kanada su ma tagwaitaka suka duba, suka ce *jumelé*.

Idan aka lura, kowane suna yana da inda ya tsaya ya kalli ginin. Baturen Ingila gida guda ya ɗauka, ya auna yadda ya rabu da na kusa da shi. Wanda ya ce *duplex* ginin gaba ɗaya ya duba, ya ƙirga iyalan da ke ciki. Wanda ya ce *twin* kamannin gidajen biyu ne ya ja hankalinsa.

3.0 Suna Ɗaya, Ma'anoni Da Yawa

Wani abin lura shi ne, kalma ɗaya takan sauya ma'ana idan ta sauya mazauni. A birnin Niyok, *duplex* na nufin masauki guda mai hawa biyu a cikin babban gini. A Ingilishin Nijeriya kuma, kalmar tana nufin gidan bene na iyali ɗaya, ko ya haɗa bango da wani ko bai haɗa ba. Wannan ne ya sa dillalan gidaje a Abuja da Kano suke tallata *semi-detached duplex* da *fully detached duplex*. Ga Ba'amurke, na biyun magana ce mai ruɗarwa, domin a wurinsa kalmar mazauni biyu take nufi. Ke nan, mai fassarar da ya dogara da ƙamus kaɗai, ba tare da sanin ƙasar da aka rubuta matanin ba, yana iya mayar da gidan bene ya zama gida biyu.

4.0 Yadda Abin Yake a Hausa

Hausa ba ta da kalma tilo da ta keɓanta da wannan nau'in gida. Ba talaucin harshe ne ya jawo haka ba. A tsofaffin birane kamar Kano da Zariya da Katsina, gidajen ƙasa a manne suke da juna, lungu ne kawai ke raba su. Abin da ya zama ruwan dare kuwa ba kasafai yake buƙatar suna na musamman ba. Saboda haka Bahaushe yakan bayyana dangantakar mutanen ne, ya ce “katangarmu ɗaya” ko “gidansu yana jikin namu”. Hankalinsa ya fi karkata ga maƙwabtaka da haƙƙoƙinta, kamar inda indararo zai zubar da ruwa da wanda zai yi yaɓe kafin damina.

Inda Hausa ta tara kalmomi shi ne cikin gida, kuma a nan ne karin harshe yake bayyana. Ɗakin shiga gida da aka sani da zaure, a Kano an fi kiran sa soro. Ɓangaren da magidanci yake zaune da iyalinsa a cikin babban gida, wasu su ce sashe, wasu waje, wasu kuma shiyya, gwargwadon yankin da mutum ya fito. Da ginin zamani ya shigo, sai harshen ya bi hanyar aro da ta ƙirƙira, aka sami kwatas da ciki da falo da rukunin gidaje. Bisa wannan tsari, mai fassara yana iya cewa tagwayen gidaje, kamar yadda ake cewa tagwayen hanyoyi, ko jerin gidaje ga waɗanda suka wuce biyu.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa babu sunan da ya fi wani inganci a idon masanin harshe. Malamin da aka tura aiki nesa da garinsu zai haɗu da yaran da ke kiran abin da ya sani da wani suna daban. Idan ya soke kalmar yaro da jan biro, ya koya masa raina harshen gidansu. Abin da ya dace shi ne ya karɓi kalmar, ya rubuta ta a allo tare da takwararta ta Daidaitacciyar Hausa, ya nuna muhallin da kowacce ta dace da shi.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar *duplex* tare da wurin da ake amfani da kowacce.
2. Me ya sa Hausa ba ta keɓe suna ga gidan da ya haɗa bango da wani ba?
3. Tuntuɓi ɗalibai biyar daga garuruwa daban-daban, ka tattaro sunayen da suke kiran ɗakin shiga gida da ɓangaren magidanci da bangon da ya kewaye gida, sannan ka jera su bisa yanki.