"Likita, ai an ce mini ba zan haihu ba"

Kumburin ciki da kasala ne suka kawo ta wajena. Shekararta 31, shekara 8 da aure, ba ta taɓa ko ɓari ba. Wata huɗu rabonta da al'ada, amma hakan bai dame ta ba, don tun tana budurwa sau uku ko huɗu take gani a shekara. Ta sha maganin gyambon ciki, ta sha na maleriya daga kemis. Da na ɗora na'urar hoto a mararta sai ga ɗa yana wutsil-wutsil, sati 19 cif. Na juyo mata allon. Ta daɗe tana kallo, hannunta a baki, sannan ta ce, "Likita, ai an ce mini ba zan haihu ba."

Wannan maganar na sha jin ta daga masu lalurar PCOS irinta, kuma kullum tana yi mini ciwo, domin sau da yawa daga bakinmu ma'aikatan lafiya take fitowa. Lalura ce ta rikicewar sinadaran jiki da ke shafar kusan mace ɗaya cikin goma. Sinadarin maza yakan yi yawa, jiki ya ƙi jin insulin, sai ƙwai su fara girma su tsaya ba su fashe ba. Alamunta sanannu ne: al'ada mai tsallake, gashi a haɓa, ƙuraje, baƙin wuya, wani lokaci da ƙiba. Tun 1935 likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana ta.

Abin da ba a yi wa mata bayani shi ne, ƙwan bai daina fita ba, lokacinsa ne ba tabbas. Kuma kusan sati biyu yake riga jinin al'ada fitowa. Ke nan mace tana iya shafe wata shida ba jini, ƙwai ya fita a ɓoye, ciki ya shiga. Idan ta rage ƙiba ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ko aka ɗora ta kan metformin, damar takan ƙaru. Mai wahalar samun ciki daban, juya daban.

Na taya ta murna har zuciyata, amma raina bai kwanta ba. Makonnin farko sun wuce ba ta sha folic acid mai kare lakar jariri ba, alhali lakar tana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki. Da tana shan spironolactone, wanda ake ba wasu saboda gashin fuska, da damuwata ta fi haka, don bai dace da mai ciki ba. Ga shi masu PCOS sun fi fuskantar ciwon suga na ciki, hawan jini da jijjiga, saboda haka awonsu ba na wasa ba ne: a gwada suga da wuri, a sake tsakanin sati 24 da 28.

Uwar mijinta, da ta rako ta, cewa ta yi ai dama cikin ya daɗe, kwanciya ya yi. Na ce, "Hajiya, wannan ɗan watansa huɗu da 'yan kwanaki, ga awon kansa nan." Lissafin al'ada ba ya aiki ga irinta; hoton ne ke faɗa mana ranar haihuwa, kuma na watanni ukun farko ya fi daidai.

'Yar'uwa, in kina da wannan lalura, ki ajiye tsinken gwajin ciki a gida, ki gwada duk lokacin da jikinki ya canza. In kina nema, ki fara folic acid tun yanzu. In ba ki shirya ba, ki zo a zaɓa miki hanyar tazarar haihuwa kamar kowace mace.

Ita dai matar da na ba da labarinta, gwajin sugarta ya hau a sati na 26. Mun gyara mata abinci, muka sa mata ido. Ta sauka lafiya, aka samu mace.