Darasin Juma'a: Harshe Na Ɗanɗanawa, Hanci Na Gadin Gida

Hunturu ya shigo Abuja, ƙura ta tashi, mura ta zagaye gidajenmu. Sai ka ji maigida na ƙorafin miya ba daɗi, alhali uwargida ba ta canza komai ba. To, ba laifin tukunya ba ne, hanci ne ya toshe.

Harshenmu abu 5 kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, sai wannan garɗin da muke ji a daddawa da romon nama. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fayyace na biyar ɗin a 1908, ya sa masa suna umami. Yajin barkono ma ba ɗanɗano ba ne, jijiyar jin zafi yake taɓawa. Sauran daɗin kuwa aikin hanci ne: muna tauna, ƙamshi na bi ta bayan maƙogwaro ya hau sama. Ku gwada da yara: a toshe hanci a sha alewa, zaƙi kaɗai za a ji. Ana saki, sai a gane ta lemo ce ko ta abarba.

Ga inda hatsarin yake. Gas ɗin girki ba shi da wari na kansa, wani sinadari ake zuba masa don mu ji in yana yoyo. Wanda mura ko tsufa ya kashe wa hanci, ko korona kamar yadda muka gani a 2020, ba zai ji ba. Haka ruwan alwala, da launi da ɗanɗano da wari muke gane ya canza.

Don haka, masu nama da kifi a kasuwannin Wuse, Garki da Utako, in muna mura mu sa wani ya shinshina mana kaya kafin mu sayar. Tsofaffinmu masu cewa a ƙaro gishiri, a ƙara musu citta da tafarnuwa, saboda hawan jini. Janareto kuma a bar shi waje, nesa da taga, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari ko ga mai lafiyayyen hanci. Wanda mura ta sake shi amma ƙamshi bai dawo ba, ya ga likita.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.